Ba ɗan ruwa ba ne, gashi yake bukata

Har yau, idan yaro ya shekara wuyansa bai tsaya ba, yawu na dalala, sai ka ji an fara ƙus-ƙus a tsakar gida: wai ɗan ruwa ne, aljanu sun yi musanya. Daga nan sai hayaƙi, sai yanka baƙar akuya. Wasu ma, wa'iyazubillahi, har shawara suke bayarwa a ajiye shi bakin kogi ya koma wajen danginsa. Na gaji da jin wannan magana.

Wane ruwa? Ku tambayi uwar. Galibi za ta ce ta yi doguwar naƙuda a gida, jaririn ya faɗo bai yi kuka ba. Ko kuwa idonsa ya yi rawaya a makon farko, aka ce shawara ce, aka dinga shanya shi a hantsi maimakon a garzaya asibiti. Sanƙarau ma yana jawowa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi ne ya samu rauni, shi ke nan. Raunin ba ya gogewa, amma kuma ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne sandarewar gaɓoɓi idan aka bar yaro kwance a ƙuryar ɗaki don kunyar baƙi. Kunyar me?

Idan wata 4 ya wuce wuya bai tsaya ba, ko wata 9 babu zama, ko wata 18 babu tafiya, a nemi sashen gashi. Akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. Da wuri ake zuwa, tun ƙwaƙwalwa tana ɗanya tana karɓar horo. Kada a ɗauka gashin ruwan zafi ne irin na jego, kada kuma a kai wa maɗori ya finciki ƙafar da ta ƙage. Likitan gashi zai nuna wa uwa yadda za ta miƙe gaɓoɓi a hankali, ta kifa yaron a kan cikinsa idan yana farke, ta zaunar da shi sosai kafin ta ba shi kunu don kada ya ƙware. Aikin na kullum ne, a gida, watanni har shekaru. Idan yana jijjiga, a faɗa wa likita, akwai magani.

Wani zai taka, wani zai zauna a keke, da yawansu kuma karatu za su yi. Maigida, kuɗin mota da rakiya naka ne, kada ka bar wa uwar ita kaɗai.