CIWON WUYA: WANDA AKE JINYA A GIDA DA WANDA AKE GUDU ASIBITI

Jama'a, ku sani wuya ba ƙaramin aiki yake yi ba. Kan babban mutum yana da nauyin wajen kilo 5, ƙananan ƙasusuwa 7 ne kuwa, jere bisa juna, suke riƙe da shi. Tsakanin yawancinsu akwai wani faifai mai taushi, kamar gammo. Ta cikin ƙasusuwan nan laka ta bi, daga gare ta jijiyoyi suka fita zuwa hannuwa. Shi ya sa wani lokaci ciwon wuya yakan sauka har yatsu.

ABIN DA KE KAWO SHI

1. Ɗaukar kaya mai nauyi a ka, kamar tulun ruwa, ko itace, ko damin dawa.
2. Daɗewa a sunkuye, wajen noma, ko niƙa, ko ɗinki, ko duban waya.
3. Mugun kwanciya. Matashin kai mai tudu yakan sa a tashi wuya ya ƙage.
4. Tsufa. Faifan nan yakan lalace sannu a hankali, wuya ya riƙa tauri.

Irin wannan ciwo galibi yakan tafi cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni. Ku jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ku ɗora. Ku riƙa juya kai sannu sannu, hagu da dama, kada ku kwanta yini guda. Farasitamol yana rage zafin, amma kada a wuce adadin da malamin asibiti ya faɗa. Ku raba kaya biyu, ku yi sawu biyu. Kada ku ɗora wa yaro kayan babba. Kada a yi tsaga, kada kuma wani ya murɗe muku wuya da ƙarfi da sunan gyara.

WANDA BA A JIRA DA SHI

Sanƙarau. In wuya ya sandare, mutum ya kasa kai haɓa ga ƙirji, ga zazzaɓi, ga ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko ƙin haske, ko ruɗewa, to, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare. Jariri ba lalle wuyansa ya sandare ba. Ku duba ko ya ƙi mama, ko maɗigarsa ta kumbura. Cutar ta fi yaɗuwa da rani, daga hunturu zuwa bazara, musamman inda mutane da yawa suke kwana ɗaki guda ba iska. A 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya, amma akwai maganinta in an zo da wuri.

Faɗuwa. Wanda ya faɗo daga itace, ko jaki, ko babur, yana kukan wuya, kada a ɗaga kansa, kada a zaunar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, a kwantar da shi bisa allon katako, a ɗauka haka. Girgiza kaɗan tana iya shanye jiki har abada.

Ku je asibiti kuma in hannu ya mutu ko ƙarfinsa ya ragu, in ƙafa tana sassarfa, ko in kaluluwa ta daɗe a wuya tare da rama da gumin dare, don tana iya zama tarin fuka.

Maigida, ka bar taga a buɗe. In masu allurar rigakafin sanƙarau sun zo gari, ka fito da iyalinka duka waɗanda aka kira. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.