Bell Na Tarho Da Bell Na Jijiyar Fuska

Ɗalibin kimiyya kan gamu da sunan Bell sau biyu. A darasin sauti za a ce masa Bell ne ya ƙago wayar tarho, a darasin jikin ɗan Adam kuma a ce masa akwai wata shanyewar fuska da ake kira da sunan Bell. Da yawa sukan ɗauka mutum ɗaya ne, alhali kuwa mutum biyu ne. Dukansu haifaffun birnin Edinbara ne na ƙasar Sikotilan, amma ba gida ɗaya suka fito ba, kuma na farkon ya rasu shekara 5 kafin a haifi na biyun.

Charles Bell likitan fiɗa ne, an haife shi a 1774. Ya koyi ilmin ƙirar jiki a wurin wansa John Bell, sa'an nan ya koma Landan a 1804. Gwanin zane ne ƙwarai, har ma ya zana sojojin da ya yi jinya bayan yaƙin Watalu na 1815. A zamaninsa ana ɗaukar jijiyoyi duk aikinsu ɗaya ne. Shi kuwa a 1811 ya kawo ra'ayin cewa kowace da nata aikin. Bafaranshe François Magendie ne ya tabbatar da gwaji a 1822 cewa saiwar gaba da ke fitowa daga laka ita ke kai umarnin motsi, ta baya kuma ita ke kawo saƙon ji. Sun yi ta jayayya kan wanda ya riga wani, shi ya sa aka haɗa sunayensu a kan ƙa'idar.

A 1821 ya bayyana aikin jijiyar da ke motsa tsokar fuska. Wannan jijiya takan bi ta wata 'yar kafa ce a cikin ƙashin da ke kusa da kunne. Idan ta kumbura a wannan matsatsi sai saƙo ya yanke, mutum ya wayi gari baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. A ƙasar Hausa akan danganta haka da iska, a ɓata kwanaki ana turare. Wannan jinkiri yana da haɗari. Maganin rage kumburi ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3, idon da ba ya rufuwa kuma yana bukatar kariya don kada ya bushe ya yi gyambo. Ban da haka, shanyewar ɓarin jiki ma kan karkatar da baki, sai dai galibi mai ita yana iya ɗaga gira, sau da yawa kuma hannu ko ƙafa kan yi rauni. Likita ne zai bambance su. Akasarin masu shanyewar Bell sukan warke cikin makonni ko 'yan watanni.

Alexander Graham Bell kuwa, wanda aka haifa a 1847, ba likita ba ne. Malamin kurame ne. Kakansa da mahaifinsa koyar da furuci ce sana'arsu, mahaifiyarsa tana da ƙarancin ji, matarsa Mabel ma kurma ce. Iyalinsa sun yi ƙaura zuwa Kanada a 1870, shi kuma ya wuce Bostan ta Amurka yana koyarwa. A can ne a 1874 wani likitan kunne, Clarence Blake, ya taimaka masa suka haɗa na'ura da kunnen gawa, suka ɗaura tsinke a jikin ƙananan ƙasusuwan ciki, yana zana sawun murya a kan gilashin da aka shafa wa baƙin hayaƙi. Abin da ya ba Bell mamaki shi ne yadda dodon kunne, duk da rashin kaurinsa, yake motsa ƙasusuwan da suka fi shi nauyi. Sai ya yi tunanin cewa fata mai ɗan kauri za ta iya motsa ƙarfe a gaban maganaɗisu, ta mayar da murya ta zama lantarki. An ba shi takardar mallakar ƙirƙirar ran 7 ga Maris, 1876, ko da yake Elisha Gray ya shigar da tasa takardar a rana ɗaya da shi, aka kuma sha shari'a a kan tarho shekara da shekaru.

Ya taɓa shiga aikin likitoci gadan-gadan, bai kuwa dace ba. Da aka harbi shugaban Amurka James Garfield a Yulin 1881, Bell ya haɗa na'urar gano ƙarfe don a nemo harsashin. Ƙarafan gadon sun rikita na'urar, likitan shugaban kuma ya sa a duba gefen dama, alhali harsashin yana hagu. Garfield ya rasu a watan Satumba. Bell ya rayu har 1922, kuma daga sunansa aka samo desibel, ma'aunin da likitocin kunne ke auna ƙarfin jin mutum da shi.