Wuƙa Mai Zarto: A Saya Ko A Bari?

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan da muke yi kan renon itatuwa a gona, tambaya ɗaya tana yawan dawowa. Ana ganin wata wuƙa wurin 'yan koli a kasuwannin Sara da Birnin Kudu, wadda aka haɗa ta da zarto. Waɗansu sun ce ta raba su da ɗaukar kaya biyu, waɗansu kuwa sun ce tarkon yatsa ce. Kowa yana da gaskiyarsa, domin ba iri ɗaya suka saya ba.

Bari mu fara da aikin da ake so ta yi. Sassaben zamani ya samo asali ne a Maradi a 1983, ta hannun Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan na SIM. Maimakon a ƙone tohon kalgo ko sabara, sai a zaɓi masu ƙarfi da ba su wuce biyar ba a kan kututture, a cire sauran, a rage rassan gefe zuwa rabin tsayi. Wannan aiki yana son yanka mai tsabta. Adda marar kaifi tana tsaga reshe, ta yage ɓawo, cuta da ƙwari su sami ƙofa. Shi ya sa zarto yake da amfani.

Iri na farko ita ce doguwar wuƙa mai kaifi a gaba, haƙoran zarto a baya. A gani tana da kyau, amma ni dai ba na ba kowa shawara ya saye ta. Ku duba zarton kafinta da kyau: bakinsa siriri ne, an kuma karkata haƙoransa, ɗaya dama ɗaya hagu, domin ramin da yake yi ya fi kaurinsa faɗi. Haka yake wucewa ba ya maƙalewa. Ita wuƙa bayanta ne ya fi kauri, kuma sau da yawa haƙoran a miƙe suke. Da an shiga ɗanyen gawo kaɗan sai ta cije. Mutum ya fizga da ƙarfi, ta ƙwace, ga kaifi yana kallon sama. Ban da haka, mu nan mun saba ɗora babban yatsa a bayan wuƙa in muna fiƙe ko awakin mangwaro. A wannan wuƙa, wurin ɗora yatsan ne aka cika da haƙora. Kube ma ba ya daɗewa, haƙoran suna cinye shi.

Iri na biyu ita ce mai naɗewa, wuƙa dabam, zarto dabam, duka a cikin mariƙi ɗaya, irin ƙirar da kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan ya yi suna da ita. Wannan ta fi hankali. Abin dubawa a nan shi ne sakata. In kun buɗe bakin ba ku ji ya ce ƙas ya tsaya ba, to zai iya rufewa a kan yatsunku ranar da ya cije a cikin itace. Kafin ku biya kuɗi, ku buɗe, ku danna bayan a kan benci, yatsunku nesa da ramin. In ya motsa, ku ajiye. Kada kuma a buɗe baki biyu a lokaci guda.

Yawancin ƙananan zartuna na gyaran itace suna ci ne lokacin da aka jawo su, ba lokacin turawa ba. Wanda ya tura da ƙarfi zai lanƙwasa bakin ko ya karya. A fara ɗan yanka ta ƙarƙashin reshe, sa'an nan a gama ta sama, domin kada nauyinsa ya yage ɓawon. Reshen da ya fi wuyan hannu kauri ba aikinta ba ne.

Waɗansu dattawa suna cewa wuƙar maƙeri ta fi, domin in ta dakushe akwai dutse a gida. Suna da hujja. Zarton da aka ƙona bakin haƙoransa don ƙarin tauri, magagari ba ya kama shi. In ya mutu ya mutu.

In tsautsayi ya faru, ku sani zarto ba ya yanka kamar wuƙa, yagewa yake yi. A danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da sabulu da ruwa mai kyau. Kada a zuba toka, ƙasa ko kashin shanu, gama ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da muƙamuƙi, a cikin ƙasa da taki take zama. A kai mutum asibiti mafi kusa a ranar, a Gwaram ko Birnin Kudu, a tambayi ɗinki da allurar rigakafi. Iyaye mata kuma, mai naɗewar tana kama da abin wasa a idon yaro, sai a rataye ta inda hannunsa ba ya kaiwa.