Koyon VR a Ƙaura Namoda: Ba Sai da Meta Quest Ba

Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda zai iya fara koyon VR da wayarsa. Tushen fasahar darasin zanen kwamfuta ne: hoto biyu, ɗaya ga kowane ido, suna juyawa duk inda ka juya kanka. Hoton na yin jinkiri, sai jiri ya kama ka.

Zana ajinku a kwamfuta da manhajar Blender ta kyauta, ka tura wa wayar, ka saka ta cikin tabarau na kwali irin Google Cardboard na 2014. Blender ba ta buƙatar intanet. 'Yan Shinkafi da Zurmi da suka sha katsewar layukan waya a 2021 sun san amfanin hakan.