Ina ya kamata hannun bitesi ya zauna a tsohon keken tsere?

Tsofaffin kekunan tsere irin su Peugeot, Motobécane da Gitane, waɗanda aka ƙera a Faransa shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, har yanzu suna da sauran ƙarfi, domin gangar jikinsu ƙarfe ce mai jure wahala. Amma wanda ya mallaki irinsu yakan tsaya yana shawara a kan abu guda: wane irin hannun sauya bitesi, wato giya, zai sa, kuma a ina zai ɗaura shi? Maganar ba ƙarama ba ce, domin ta shafi aljihun mai keke da lafiyarsa bisa hanya.

Na'urar da ke ɗauke sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan ta daɗe a duniya, amma sai a shekara ta 1937 aka yarda ƴan tseren Tour de France su yi amfani da ita. Daga nan kamfanonin Simplex da Huret na Faransa, da Campagnolo na Italiya, suka yi ta gasa, kafin SunTour da Shimano na Japan su shigo fage.

Wuri na farko, wanda ya fi yawa a tsofaffin kekuna, shi ne bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa wajen feda. A nan waya gajera ce, ba ta da lanƙwasa da yawa, saboda haka sarƙa takan amsa nan take, gyara kuma ba wuya. Aibinsa ɗaya ne: dole mahayi ya saki ƙaho da hannu guda ya miƙa ƙasa. A kan kwalta mai santsi wannan ba kome ba ne, amma a cikin yashi ko ramuka ko cunkoson kasuwa, sakin ƙaho yana iya jawo faɗuwa.

Wuri na biyu shi ne wuyan ƙaho, daidai gaban mahayi. An yawaita shi a kekuna masu araha da aka sayar a Amurka wajajen 1970 zuwa 1975, domin sababbin mahaya. Yana da sauƙin kaiwa ga mai zama a miƙe, sai dai yana jawo hannu tsakiyar ƙaho, nesa da birki, kuma in aka yi karo mutum yana iya faɗawa a kan ƙarafan su ji masa ciwo.

Wuri na uku shi ne bakin ƙaho, inda bututu ya ƙare. Masu doguwar tafiya da kaya sun fi son wannan, domin ana sauya bitesi da ƙaramin yatsa da tafin hannu ba tare da an saki ƙaho ba. Wayarsa ta fi tsawo, gwiwa takan taɓa shi wani lokaci, kuma in keke ya faɗi shi ne yakan fara bugun ƙasa.

Wuri na huɗu shi ne cikin hannun birki kansa. Shimano ya fito da wannan a 1990, Campagnolo ya biyo baya a 1992. Babu wanda ya kai shi daɗin aiki, amma yana da tsada, cikinsa cike yake da ƙananan ƙarafa da ƙura ke hana su motsi, kuma in ya lalace sau da yawa sai dai a sayi wani.

Bayan wuri, akwai maganar iri. Tsohon iri ba shi da mataki: mahayi yana jan hannun a hankali, yana saurare, har sarƙa ta zauna ta daina ƙara. Sabon iri, wanda Shimano ya yaɗa daga 1984, yana da mataki, kowace ƙara ɗaya bitesi ɗaya. Mai mataki ya fi sauƙi ga ɗan koyo, amma yana da sharaɗi: yawan matakansa ya dace da yawan haƙoran baya, kuma kayan Shimano ba su cika jituwa da na Campagnolo ba. Marar mataki kuwa ba ruwansa da wannan. Yana aiki da kusan kowace na'ura da aka samu a wurin mai gyaran keke, ko da waya ta ɗan saki.

Kafin a biya kuɗi, a auna keke. Bututun tsofaffin kekunan Faransa faɗinsa milimita 28 ne, na Ingila da Italiya kuwa 28,6, saboda haka zoben ɗaure hannun bitesi na wannan ba lallai ya kama wancan da kyau ba. Haka nan tsakanin ƙafafun baya na keke mai haƙora 5 milimita 120 ne, mai 6 ko 7 milimita 126, alhali haƙora 8 zuwa sama suna bukatar 130. Gwanin makaniki yana iya buɗa gangar ƙarfe kaɗan, amma ta alminiyom ba a buɗa ta, domin tsagewa take yi.

Ke nan, ma'aikacin da ke zuwa ofis bisa kwalta, in kekensa yana da hannun bitesi a bututun ƙasa kuma yana aiki, ya bar shi, ya sabunta waya kawai. Wanda ke bin hanyar ƙauye da kaya, ya nemi na bakin ƙaho marar mataki, ko mai maɓallin da ke kashe mataki in bukata ta taso. Na cikin birki kuwa, a bar wa wanda ya shirya sauya ƙafar baya da sarƙa da na'ura gaba ɗaya, domin kuɗin da zai kashe yana iya wuce kuɗin keken.