Wace Mota Ce Ta Dace Da Magidanci A Mahuta?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, tambayar da magidanci ke yi wa dillalin mota ta sauya. A da launi da shekarar ƙira yake tambaya, yanzu kuwa abin da motar ke sha. Ba laifinsa ba ne, domin litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a shekarar 2024.

Sai dai a ganina, ga ma'aikacin da ke zaune a Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru, akwai tambayar da ta riga wannan: in motar ta tsaya, wa zai gyara ta, kuma daga ina kayan za su fito? Mai bin hanyar Koko zuwa Dabai, ya kuma ratse ƙauye gaida iyaye da damina, ba daidai yake da mazaunin Abuja ba. Motar da sai an aika Kaduna neman kayanta, ko ba ta shan mai, ba ta da araha.

Iyayenmu ba su sha wannan wahalar zaɓi ba. Peugeot 504, wato Fijo, wadda kamfanin PAN ya soma harhaɗawa a Kaduna a 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, ta haɗa komai: ƙafa mai tsawo, bakanike a kowane gari, ga doguwarta mai layin kujeru uku da ke kwashe uwargida da amarya da yara da buhun dawa. Wannan zamani ya wuce. Abin da ya rage wa mai albashi shi ne motar hannu, wadda ake kira Beljiyam ko da daga Amurka ta fito, ita ma ta yi tsada tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, darajar naira kuma ta faɗi.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙa: faɗin kujerar baya da ƙarancin shan mai ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, mai injin lita 1.8, ta fi sauƙin riƙo, amma manya uku a bayanta daga Mahuta zuwa Birnin Kebbi sai an sauka ana miƙa. Sienna tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas cikin walwala, sai dai silinda shida gare ta, kuma kowace da bakinta. Ga mai 'ya'ya uku ko huɗu ƙanana, ni Camry ƙirar 2002 zuwa 2006 mai silinda huɗu nake gani ta tsaya a tsakiya: bayanta da faɗi, cinta da dama-dama, kanikawa sun san cikinta. Honda Accord ta 2003, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa sunan Turanci mai nufin magana ta ƙare, tana da kyan zama, amma ƙafafunta na gaba ba sa jimirin ramuka. Mu masu nazarin harshe mun san laƙabi talla ne. Magana ba ta ƙarewa sai a gareji.

Ranar ciniki kuwa, a tafi da bakaniken da zai riƙa duba motar, ba wanda dillali ya kawo ba. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a nemi tsatsa da warin rima, domin akan shigo da motocin da ambaliya ta cinye a ƙasashen waje. A leƙa salansa a tabbatar ba a cire matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi ba, tunda akan sace ta saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. A gwada lambar jikin mota da wadda ke takardun kwastan, harafi bayan harafi. Sannan maigida ya bar sitiyari, ya koma kujerar baya tare da manya biyu, a bi da su hanyar burji na rabin sa'a, kafin a soma maganar kuɗi.