Miyar da Ba Ta Ga Wuta Ba

A kudancin Sifaniya, yankin Andalus, zafin bazara kan haura digiri 40 a birane irin su Ƙurɗuba, garin su Imam Ƙurɗubi. A can ne aka gaji wata miya mai suna gazpacho, wadda ba a ɗora ta a kan murhu. Asalinta abincin 'yan ƙwadagon gona ne: su daka busasshen burodi da tafarnuwa da gishiri a turmi, su zuba man zaitun da ruwan khal da ruwa, su sha a inuwa. Tumatir daga baya ya shigo, bayan an kawo irinsa daga nahiyar Amurka.

Yanzu da matanmu ke ganin ta a waya suna gwadawa, musamman idan azumi ya faɗo cikin zafi, ya kamata a san inda haɗarinta yake.

Haɗin ba wuya. Nunannen tumatir kilo ɗaya, kokwamba ɗaya, koren tattasai ɗaya, tafarnuwa ƙwaya ɗaya ko biyu, ɗan burodin jiya da aka jiƙa, man zaitun cokali uku ko huɗu, khal ko lemon tsami, sai gishiri. A markaɗe, a tace, a sanyaya. Mai tafiya Sifaniya ya lura: 'yar'uwarta mai kauri, salmorejo, da naman alade ake yi mata ado.

Miyarmu ta gida tafasa ce ke rufa mata asiri. Ko tumatir ya fashe, ko mai markaɗe bai wanke injinsa ba, wuta za ta kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Gazpacho kuwa duk abin da ya shiga da rai, da ransa zai isa ciki. A 2011 ƙwayar E. coli ta kashe mutum kusan 50 a Jamus. Da farko aka ɗora laifin a kan kokwambar Sifaniya, manoma suka tafka asara, daga baya bincike ya nuna ɗanyen tsiron hulba ne. Jamus ƙasa ce mai ruwan famfo da wutar da ba ta ɗaukewa, ina ga mu? A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma akwai lambunan bakin birni, irin na gefen kogin Jakara a Kano, da ake ban ruwa da ruwan kwata.

Don haka tumatirin da ya fashe ko ya fara ruɓewa, komai arharsa, a bar wa miyar dahuwa. A wanke hannu da sabulu, a wanke kayan da ruwa mai tsafta, a fere kokwamba. Tumatir a tsoma shi a tafasasshen ruwa na rabin minti, a ɓare fatar. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kada su kusanci aikin. A markaɗa a gida, ban da injin unguwa.

Masu cewa lemon tsami ko ruwan gishiri na kashe komai su daina ruɗin kansu; tsamin miyar bai kai ya yi wannan aikin ba. Ƙanƙarar da ake saya a titi ita ce babbar matsala, domin daskarewa ba ta kawar da ƙwayoyin cuta, kuma ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba. In dole ne, a rufe miyar a mazubi, a jera ƙanƙarar ta waje.

Firji ya kasance a digiri 5 ko ƙasa. Miyar da ta yi awa biyu a waje a zubar, a tsananin zafi ma awa ɗaya ta isa, haka in wuta ta ɗauke tsawon dare. Ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi gara a tafasa musu tasu, a bari ta huce sannan a sanyaya. Wanda amai da gudawa suka kama bayan ya sha, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a garzaya da shi asibiti.